Yadda Muka Auna Wani Kwari a Tsaunukan Brooks na Alaska, Tun Daga Neman Izini Har Zuwa Zana Taswira

Kwana goma sha huɗu kacal muka yi a cikin tsaunukan, amma aikin gaba ɗayansa ya ci mini kusan shekara ɗaya da rabi, kuma mafi yawan ruɗanin da na shiga a kan tebur na same shi, tun kafin ƙafata ta taka dutse da kuma bayan na dawo. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana, don ɗalibin safiyo ko na nazarin ƙasa da irin wannan aiki zai faɗo masa ya san abin da ke gabansa.

A watan Oktoba malamin da ke duba aikin digirina na biyu ya kira ni ofishinsa, ya shimfiɗa takardu uku a kan tebur. Dukansu taswirar wuri ɗaya ce, wani kwari da ruwansa ke gangarawa cikin reshen arewa na kogin Koyukuk, a tsakiyar tsaunukan Brooks da ke arewacin Alaska. Ya ɗora bakin alƙalami a kan wata mashiga tsakanin duwatsu biyu ya ce in karanto masa tsayinta. Na duba ta farko, na duba ta biyu, na duba ta uku, babu biyun da suka zo ɗaya. Na ce, "Malam, to wacce ce daidai?" Ya ce abin da za mu je mu gano ke nan. A ranar na fara sanin wurin sosai. Tsaunukan sun miƙe kimanin kilomita 1,100 daga yammacin Alaska har cikin Kanada, sunan Alfred Brooks aka sa musu, wani masanin duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS. Kwarin namu yana cikin gandun dajin da ake kira Gates of the Arctic, wanda aka kafa a 1980, faɗinsa ya kai eka miliyan 8.4, kuma babu titi ko ɗaya a cikinsa, ko hanyar ƙafa da aka share babu. Malam ya ba ni labarin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci. Shekaru da dama ana saɓani a kan wane dutse ne ya fi tsawo a tsaunukan, Isto ko Chamberlin, saboda taswirorin shekarun 1950 sun saɓa wa juna. Sai a 2014 da Matt Nolan da Kit DesLauriers suka sake awo, shi yana ɗaukar hoto daga jirgi, ita tana hawa da na'urar GPS a bayanta, aka tabbatar Isto ne da mita 2,736, Chamberlin kuwa mita 2,712, shi ne ma na uku. Idan dutsen da ya fi kowanne suna ya daɗe haka cikin shakka, ina ga mashigar da ba ta da ko suna.

Matakin farko shi ne tattara abin da aka riga aka yi, kuma wannan bai ci ni ko sisi ba. Tsofaffin taswirorin USGS duk suna intanet kyauta a shafinsu na topoView. Na Alaska galibi iri biyu ne: masu sikeli 1:63,360, wato inci ɗaya a takarda mil ɗaya ne a ƙasa, da masu sikeli 1:250,000. An zana su ne daga hotunan da jirage suka ɗauka, kuma a wuraren tsaunuka tazarar tsayi da ke tsakanin layin tudu, wato layin da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya a taswira, da mai bi masa takan kai ƙafa 100, a masu sikeli 1:250,000 ɗin ma ƙafa 200. Sai sabbin bayanai guda biyu. Akwai na radar da jirage suka ɗauka a faɗin jihar tsakanin 2010 da 2020, mai ba da tsayi a kowane mita 5, wanda a kansa aka gina sabbin taswirori masu sikeli 1:25,000. Akwai kuma ArcticDEM na wata cibiya a Jami'ar Minnesota, wanda aka haɗa daga hotunan tauraron ɗan'adam, yana ba da tsayi a kowane mita 2. Na sauke su duka na ɗora wani kan wani a kwamfuta, sai na ga kogin tsohuwar taswira yana gudu a gefen tudu, ya bar kwarinsa da fiye da mita 100. Mako biyu na yi ina zargin manhajar, ina zargin hoton da aka ɗauka na takardar. Ashe amsar tana rubuce da ƙananan baƙaƙe a gefen taswirar daga ƙasa: an zana ta a kan tushen awo na 1927, NAD27, sabbin kuwa a kan NAD83 ko WGS84 suke. Tushen awo shi ne siffar duniya da masu awo suka yarda su ɗauka a matsayin mafari, kuma idan aka sauya shi, wuri ɗaya sai ya samu lambobi daban. Da na gaya wa manhajar gaskiyar tushen kowacce, kogin ya koma kwarinsa. Na ɗauka na gama da wannan matsala ke nan. Zan dawo kanta.

A Janairu na shiga neman izini. Mai yawon buɗe ido ba ya biyan kuɗin shiga wannan gandu, amma duk wanda zai yi bincike sai ya samu takardar izinin bincike daga hukumar gandayen daji ta ƙasa. Ana nema ne ta shafinsu na intanet, ka buɗe asusu, ka cike fom, ka liƙa cikakken bayanin aikinka: wuraren da za ka tsaya da lambobinsu, ranaku, yawan mutane, kayan aiki, da yadda za ka shiga ka fita. Suna so a nema aƙalla kwana 90 kafin ranar tafiya, ni kuwa zan ce a ninka wannan. Neman bai ci kuɗi ba, lokaci ya ci. A bayanin da na tura na rubuta cewa za mu tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto, kuma za mu kafa ƙusoshin ƙarfe a duwatsu su zama alama ta dindindin, kamar yadda aka koya mana a aji. Bayan mako uku wata jami'a ta kira ni a waya, ta yi mini bayani cikin haƙuri. Tun 2014 aka hana tashin irin waɗannan jirage a gandayen ƙasa sai da izini na musamman, kuma mafi yawan wannan gandu yana ƙarƙashin dokar kare daji ta 1964, wadda ta hana kafa wani abu na dindindin ko amfani da inji sai an nuna cewa aikin ba zai yiwu ba sai da shi. Ta tambaye ni ko awon zai yiwu ba tare da ƙusoshin ba. Na yi shiru, don ban taɓa tambayar kaina haka ba. Da na koma wurin Malam muka zauna muka duba, muka ga zai yiwu: abin da muke bukata shi ne tsayin ƙasa a wurare zaɓaɓɓu don mu gwada bayanan sama da shi, ba sai mun bar alama ba. Na cire jirgin, na cire ƙusoshin, na rubuta cewa za mu ɗauki hoton kowane wuri daga kusurwa huɗu mu zana shi a littafi. Na sake turawa a tsakiyar Fabrairu.

Daga nan sai jira. Takardar takan bi ta hannun mutane da yawa, kowa da abin da yake dubawa. Masu kayan tarihi suna duba ko wuraren da za mu kafa tanti ko na'ura suna kusa da tsofaffin sansanonin mafarauta. Wasu suna duba ko zirga-zirgar jirginmu za ta dami garken karibu, barewar nan ta arewa, domin mutanen Nunamiut na ƙauyen Anaktuvuk Pass da ke cikin tsaunukan da farautarta suke rayuwa, kuma doka ta wajabta a auna tasirin kowane aiki a kan wannan rayuwa tasu. Sau biyu aka dawo mini da tambaya, sau biyun kuma na amsa a ranar. Ba zan ɓoye ba, a watan Afrilu hankalina ya tashi, don kamfanin jirgi yana neman kuɗin kafin alƙalami, ni kuwa ba ni da takarda a hannu. Izinin ya fito a makon farko na Mayu, da sharuɗɗa shafi uku. Na sa hannu na mayar, sannan na buga kwafi biyu na sa a leda, don sharaɗi ne takardar ta kasance tare da kai a daji. Yanzu da na san hannun da take bi, ban ga tsawon lokacin a matsayin ɓata lokaci ba. Laifin jinkirin wata guda nawa ne, da na kira jami'ar na yi tambaya tun kafin in rubuta komai, da ban sake rubutu ba.

A tsakanin nan jami'armu ma tana da nata takardun: tsarin kariya idan wani ya ji ciwo, horon agajin gaggawa na kwana biyu, horon yadda ake yi idan an haɗu da beyar, da inshorar da za ta biya kuɗin ɗauko mutum da jirgi. Waɗannan ba su ba ni wahala ba. Abu ɗaya kawai zan ja hankalin ɗalibin da ba ɗan Amurka ba a kai. Abokan tafiyata sun so mu kai kaya a mota, amma hanyar mota zuwa Alaska ta cikin Kanada take bi, kuma wannan yana nufin neman wata biza ga mai irin fasfona. Sai muka shiga jirgi zuwa Fairbanks.

Kuɗin aikin kuwa ƙaramin jirgin daji ne ya cinye fiye da rabinsa. Ba kujera ake saya ba, jirgin ake ɗauka haya, kuma awa ake lissafawa, har da lokacin da zai koma gida babu kowa a ciki bayan ya sauke ku, da lokacin da zai taso babu kowa don ya ɗauko ku. Wato tafiya huɗu kake biya, kana cikin biyu. Dole kuma kamfanin ya kasance cikin waɗanda hukumar gandun ta ba lasisi. Matuƙin ya ce in turo masa nauyin kowane mutum da kowace jaka, ba ƙiyasi ba, a ɗora a sikeli. Mu uku ne, ni da Malam da wata ɗaliba mai nazarin duwatsu, kuma da muka haɗa na'urorin GPS biyu, da turaku masu ƙafa uku, da batura, da faifan hasken rana, da abincin kwana goma sha biyu da ƙarin na kwana huɗu, mun haura abin da jirgin zai iya ɗauka ya tashi daga gajeren fili. Muka bar turke ɗaya na katako muka ɗauki mara nauyi. Ranakun kuma mun zaɓe su ne a ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da ƙanƙarar bara ta narke daga mafi yawan ƙasa, sauro ya fara raguwa, sabuwar ƙanƙara ba ta kankama ba.

A Fairbanks muka kwana biyu muna sayen abin da ba a shiga da shi babban jirgi, wato gas na girki da feshin barkono na korar beyar. Baturan lithiyom kuwa a jakar hannu muka riƙo su tun daga farko, haka doka ta ce. Daga nan ƙaramin jirgi ya kai mu Bettles, ƙauyen da babu titin da ke zuwa cikinsa sai na ƙanƙara a lokacin sanyi. A ofishin gandun da ke can muka zauna da wani jami'i kusan awa guda. Ya duba takardar izininmu, ya karɓi kwafin tsarin tafiyarmu, ya ba mu aron gwangwanayen ajiye abinci da beyar ba ya iya buɗewa, kyauta, sai dai ka dawo da su. Ya shimfiɗa taswira ya nuna mana inda ruwa ya cika a makon, ya ce kada mu yarda da duk wani mashigin kogi da muka gani a takarda. Muka fito a shirye, sai gajimare ya sauko ya rufe tsaunukan. Kwana uku muka yi muna zuwa bakin filin jirgi da safe muna komawa. Matuƙin ba ya tashi sai yana ganin mashigan duwatsu da idonsa, kuma ban taɓa jin ya ce gobe ba, sai dai ya ce a sake dubawa da rana. Kuɗin masauki na waɗannan kwanaki uku ba ya cikin kasafinmu, daga aljihun Malam ya fito.

Rana ta huɗu gari ya washe. Matuƙin ya karɓi feshin barkonon ya kulle a akwatin ƙarfe, don idan ya fashe a cikin jirgi shi da mu duka mun makance. Bai kai awa guda ba muka iso, ya zagaya sau biyu yana leƙen wani tudun tsakuwa a bakin kogi, sannan ya sauka a kai da manyan tayoyinsa. Ya sauke kaya, ya maimaita mana ranar dawowarsa, ya tashi. Da ƙarar jirgin ta ɓace, babu abin da ake ji sai ruwa. Ban san lokacin da na zauna a kan jakata ba. Wata tara ina kallon wannan kwari a allon kwamfuta har na haddace lanƙwasarsa, amma gani ya kori ji. Babu bishiya ko ɗaya da za ka gwada girman abu da ita, dutsen da na ɗauka tafiyar rabin awa ce ya ci mana awa uku. Abin da taswira ta nuna a matsayin shimfiɗaɗɗen fili kuma ashe dunƙulallun ciyayi ne, kowanne kamar kan mutum, suna tsaye a cikin ruwa. Ka taka kai ya juya da kai, ka taka tsakani ka nutse har ƙauri. Da kaya a baya, kilomita ɗaya a awa guda muke yi a irin wannan wuri. Na tsara wurare 24 da za mu auna. A daren farko, idan za a kira shi dare tunda gari bai yi duhu ba, muka zauna muka rage su zuwa 15.

Ga yadda awon kansa yake. Na'ura ɗaya muka kafa kusa da sansani a kan dutsen da ya fito daga asalin ƙasa, ta zauna tana karɓar saƙon taurarin ɗan'adam kullum, ɗayar kuma muke yawo da ita. Dalilin neman asalin dutse shi ne ƙasar can a daskare take dindindin daga ƙasa, sai saman nan kaɗan da ke narkewa da rani, kuma turken da ka kafa a kansa yana iya nutsewa a hankali ba ka sani ba. Wurin da za a auna kuma ba ƙololuwar dutse ake nema ba, fili ake nema mai faɗi, marar gangara, marar dogayen ciyayi, domin idan ka auna a gangare, kuskuren mita biyu a gefe sai ya koma kuskuren tsayi, ka rasa wanda za ka ɗora wa laifi. Idan an kafa turke an daidaita kumfar da ke cikin gilashi ta tsaya a tsakiya, sai a auna tsayin eriya daga ƙasa. Malam ya sa ni in auna sau uku, da mita da kuma inci, kafin a kunna da bayan an kashe, ita kuma abokiyar aikinmu ta karanta da idonta ta sa hannu. Na ga kamar abin ya yi yawa, sai ya ce mini na'urar ba ta san ƙasa ba, eriyarta kawai ta sani, kuma idan wannan lamba ɗaya ta ɓace, awa huɗun da muka zauna ta tafi a banza. Da fensir muke rubutu a littafi mai jure ruwa, biro ba ya kamawa a jiƙaƙƙiyar takarda. Har yau idan na buɗe littafin ina ganin sauron da suka mutu a tsakanin shafuka, ɗaya ma a kan lambar wuri na shida daidai.

Wuraren da suka fi muhimmanci awa huɗu muke ba su, sauran awa ɗaya zuwa biyu. Abin da ya sa ake daɗewa shi ne taurarin GPS suna zagaye ne a karkace da digiri 55, mu kuwa muna wajen digiri 67 arewa, don haka ba sa zuwa saman kai, a gefen sama suke ratsawa. Ga kwari mai zurfi, duwatsu sun tare rabin sama. Wannan ya fi cutar da awon tsayi a kan awon gefe, tsayin kuma shi muka zo nema. Taurarin Rasha na GLONASS, da karkatarsu ta kusa digiri 65, sun taimaka ƙwarai, kuma ina ba da shawara kada kowa ya je can da na'urar da GPS kaɗai take karɓa. Kamfas ma sai an yi hattara da shi. Bambancin arewar maganaɗisu da arewar gaskiya da aka rubuta a tsohuwar taswira ya kusa ninka na yanzu, domin maganaɗisun duniya yana matsawa. Na rubuta na bana a bayan hannuna da alƙalami tun daga Bettles.

A rana ta bakwai iska ta kayar da turken nan mara nauyi bayan awa uku da kafa shi. Muka sake daga farko, wannan karon da jakar duwatsu a rataye a tsakiyarsa, abin da ya kamata mu yi tun ranar farko. A ta tara aka wuni ana ruwa, ƙoramar da muka tsallake da safe tana iya idon sawu ta kai ƙugu da yamma, muka kwana a wancan gefen da tanti ɗaya mu uku. Mashigar da ta jawo tafiyar gaba ɗaya kuwa mun bar ta sai ƙarshe, don ita ce mafi nisa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo. A rana ta goma sha ɗaya muka hau, saura kamar mita 200 mu kai sai hazo ya rufe mu, ƙanƙara ta fara zuba a kan duwatsun da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. Na ce, "Malam, mu ɗan ƙara, ai mun kusa." Ya dube ni ya ce mashigar ba za ta gudu ba, mu juya. Na bi shi ina haɗiye hawaye. Mun samu wurare 13 cikin 15. Jirgin kuma bai zo ranar da aka yi ba, ta na'urar saƙo ta tauraro matuƙin ya sanar da mu cewa Bettles a rufe take. Kwana biyu muka ƙara, kuma a nan ne ƙarin abincin da na so mu rage saboda nauyi ya yi mana rana.

Da muka dawo ban samu sakamako nan take ba. Ana bukatar jira mako biyu zuwa uku kafin a fitar da tabbataccen lissafin hanyar da taurarin suka bi a ranakun awo. Bayan nan na juya bayanan na'urar sansani zuwa RINEX, tsarin fayil na bai ɗaya da ake ajiye bayanan GPS a ciki, na tura wa OPUS, wata hidima ta hukumar awon ƙasa ta Amurka da ke karɓar awon awa 2 zuwa 48 ta dawo maka da lambobi ta imel, kyauta. Da yake tashoshin dindindin da take dogara da su suna da nisa da juna a arewacin Alaska, na tura bayanan ga takwararta ta Kanada, CSRS-PPP, don in gwada, ita ma kyauta ce. Da na kai su tushe ɗaya suka zo kusa da juna ƙwarai. Sai na lissafa sauran wuraren daga na sansani, na jera su da bayanan sama. Da ArcticDEM suka yi kusa. Da na radar kuwa kowane wuri ya kauce da mitoci da dama, duk a gefe guda, kusan da adadi ɗaya. Na yi kwana huɗu ina tunanin mun ɓata awon tsayin eriya a sansani, har na kasa barci. Na buɗe littafin nan na ga awo uku, da sa hannun mutum biyu, babu inda ya kauce. Wannan ne ya sa na daina zargin daji na koma karanta takardun bayanin da ke tare da kowane fayil, sai ga matsalar tushen awon nan ta dawo da wata fuska. Tsayi ma yana da tushensa. GPS da ArcticDEM suna aunawa ne daga wata sumul ɗin siffa ta lissafi da aka yi wa duniya, bayanan radar kuwa an riga an mayar da su tsayi daga matakin teku a tsarin NAVD88, tsohuwar taswira kuma tana kan na 1929, da ƙafa ba mita ba. Ana haɗa su ne da wani samfuri na yadda nauyin duniya ke lanƙwasa matakin teku, kuma a Alaska GEOID12B ne muka yi amfani da shi, don GEOID18 da aka saba da shi a sauran jihohi bai haɗa da ita ba. Da na shigar da shi, tazarar ta rufe. Babban kaso na saɓanin takardu ukun nan da Malam ya shimfiɗa mini daga nan ya fito. Abin da ya rage na gaskiya ne: a fili mai faɗi sabbin bayanan biyu sun yi kyau, a gangare mai tsanani da gefen da inuwa ke daɗewa suna kaucewa, tsohuwar taswirar kuma ta fi kuskure a inda ƙanƙara ta rufe ƙasa lokacin da aka ɗauki hotunanta.

Zanen taswirar ya ɗauki wata biyu. Na fitar da layukan tudu a tazarar mita 20, na gyara su da hannu a inda kwamfuta ta ja layi ya haye kogi ya dawo, na zana kogin a matsayin faffaɗan filin tsakuwa mai rassa maimakon layi ɗaya shuɗi, don mun ga da idonmu yana sauya hanya cikin mako guda. Na sa alama ta daban ga filayen dunƙulallun ciyayin nan, saboda mai tafiya da ƙafa ya fi bukatar sanin su a kan sanin tsayin wani dutse. Na so in sa wa mashigar suna, Malam ya hana. Hukumar sunayen wurare ta Amurka ba ta amincewa da sabon suna a dajin da doka ta kare sai da babban dalili, kuma ban da wannan, wurin da babu suna a takarda ba lallai ne ya rasa suna a bakin mutanensa ba. Robert Marshall, wanda ya fara yawo a wannan yanki a 1929 ya zana taswirarsa, ya raɗa sunaye da yawa, har da wanda gandun ke amsawa a yau, amma sunaye irin su Arrigetch, wato yatsun buɗaɗɗen hannu, daga bakin mutanen ƙasar suka fito.

Da zan sake, zan fara da kiran jami'in bincike na gandun kafin in rubuta layi ɗaya. Zan buɗe shafi guda in rubuta tushen awo na gefe da na tsayi na kowane fayil tun ranar da na sauke shi. Zan sa kwana biyar na jiran yanayi a kasafi, da kuɗin masaukinsu, in kuma fara da wurin da ya fi muhimmanci a ranar farko da gari ya yi kyau, ko da shi ne mafi nisa. A farkon shekarar da ta biyo na cike rahoton shekara da hukumar gandun ke bukata daga duk mai izini, ta shafin da na nemi izinin, na haɗa da kwafin taswirar da lambobin wurare 13. A gefen taswirar daga ƙasa na rubuta tushen awon da baƙaƙe manya, yadda ba sai an sa tabarau ba. A kan mashigar kuwa na sa tsayin da bayanan radar suka bayar, na rubuta a gefensa cewa ba a tabbatar da shi a ƙasa ba. Takardar neman sabunta izinin tana hannunsu tun Disamba.